Kuɗin Sharar Sabiru

Roni,
12 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Addata Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da dukan mutanen Kanya Babba. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya hana kowa sakat. Maigidana Sama'ilu yana gaishe ki, haka 'yan samarinki uku.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wajena, ni da kullum kike ce wa uwar latse-latse. Ke in an kira ki a waya sai kin buɗe murya duk gida ya ji, har da awaki. Ita kuma wayata Sabiru ne ya saita mini ita tun tana sabuwa, yanzu kuwa ko agogon da ya saita ban yarda da shi ba. Shi ya sa na ba Lauwali direba wannan, na ce ya danƙa miki hannu da hannu.

Sabirun da kika sani nake nufi, ɗan Gwaggo, mai shagon waya a bakin tashar Kazaure. Amma bari in fara gaya miki sana'ar, tunda kin sha tambayata abin da nake yi a waya in na taso daga makaranta, ni kuma in ce ba za ki gane ba. Za ki gane sarai. Dillanci ne, sai dai ni ba na ɗaukar ƙunshi a ka ina shiga gida-gida. Akwai wani kamfani a Legas da yake sayar da kayan gida a shafinsa na intanet. In ka yi rajista da su, sai su ba ka wani ɗan layin rubutu mai ɗauke da shaidarka, linki ake ce masa. Duk wanda ya taɓa shi ya shiga ya sayi kaya, kamfani zai ba ka la'ada.

Tun ranar da na fara na kafa wa kaina doka: ba zan yabi abin da hannuna bai yi aiki da shi ba. Sai in sayi fitila ko dutsen guga ko tukunya, in yi mako biyu ina wahalar da shi, sannan in naɗi murya in faɗi kyansa da aibinsa, domin yawancin matanmu sauraro suke yi, ba karatu ba. A haka zauren da na buɗe a waya ya tara mata fiye da ɗari shida, daga Roni da Gwiwa da Yankwashi har cikin Kazaure. Kin san ni da son a yaba mini. Ranar da na ji wata tsohuwa a kasuwa tana cewa in dai Malama Lailatu ta ce abu yana da kyau to a rufe ido a saya, wallahi da ƙyar na iso gida don kumburin kai. Wannan sunan ya fi mini la'adar daɗi.

To, watanni ke nan ina ganin abin da ban gane ba. Shafina yana nuna mata da yawa suna taɓa linkina, amma masu saye ba su taka kara sun karya ba. Na ɗauka rashin kuɗi ne. Sai makon jiya na je suna Gwiwa. Ɗakin mai jego akwai fitilar sola irin wadda na yaba, ɗakin uwar mijinta akwai, maƙwabciyar da na shiga yin alwala ita ma akwai. Na ƙirga takwas a layi ɗaya, alhali shafina ya ce uku aka saya a duk ƙasar nan. Da na tambaya, sai suka ce ai su ba su iya cike adireshi ba, ba su da katin banki, saboda haka wayar suke kai wa Sabiru da kuɗi a hannu, ya yi musu oda, kaya su sauka a shagonsa.

Abin haushin, Adda, ni na ce su riƙa zuwa wajensa. Ni na zaunar da shi na koya masa yadda ake odar. Har da bakina na gaya masa ƙa'idar kamfanin, cewa wanda aka taɓa linkinsa a ƙarshe shi ke da la'ada. Ashe ya je ya yi tasa rajistar. Mace ta zo da muryata a kunnenta, ya rufe nawa ya buɗe nasa. Shekara guda ina ƙona yatsuna a gwajin tukwane, shi yana zaune ƙarƙashin fanka yana kwasa.

Ranar Juma'a na shirya na tafi Kazaure, na sa aka kira shi gaban Gwaggo. Na zaci zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Ina. Gyara zama ya yi, ya shafa wa idonsa toka ya ce kuɗin shara ya karɓa. Wai shi ɗan mace ne, ni 'yar namiji, shekara ashirin ina cinye masa haƙƙinsa na ranar cika-ciki, yanzu ya haɗa ya cire. Gwaggo ta yi dariya har carbinta ya faɗi. Ta ce in ban da abina, wa ya taɓa kai taubashinsa ƙara, kayan abokin wasa ai na abokin wasa ne. Matarsa da ke bakin ƙofa ita ma ta samu abin dariya. Ni ma na yi, don kin san wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ake gani da rashin tarbiyya. Amma haƙorana kawai suka yi ta.

Ban yafe ba, Adda, kuma kada ki rubuto ki ce in yafe. Tunda wasa yake so, zan koya masa wasa.

Ki gaida Malam, ki gaida amaryarmu ta gobe da sauran yara. Allah ya bar zumunci.

Taki ƙanwa,
Lailatu.

Roni,
28 ga Yuni, 2024.

Addata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girma, tare da barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kowa lafiya, kuma ruwa ya sauka a wajenku kamar yadda ya sauka mana. Soyayyen naman da kika aiko ya iso, yaran nan ba su bar mini ko ƙashi ba. Takardarki ma ta iso. Na ce kada ki ce in yi haƙuri, sai da kika cika shafi biyu da shi. Na karanta, na ninke, na sa a ƙarƙashin filo. Yanzu ki saurari abin da haƙurin ya haifa.

Akwai wata baiwar Allah nan bayan makarantarmu, Shatu mai awara. Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan, da awarar take riƙe da 'ya'ya biyar. Ta daɗe tana son injin markaɗe nata na kanta, ta huta da bin layi, ta kuma riƙa yi wa maƙwabta. Kafin Sallah ta sayar da ragon da ta yi shekara tana kiwo, ta tafi wajen Sabiru, saboda ta ji muryata ina yabon wani inji. Kwana tara injin ya yi ya ƙone. Ta ɗoro shi a ka har bakin ajina, ta sauke a gaban 'yan makaranta, ta ce ga amanar da na ba ta.

Da na duba, ba injin da na gwada ba ne. Na ce ta kunna mini saƙon da ta ji. Muryata ce, ba shakka, amma an yanke farkon, inda na faɗi sunan injin da kamfanin da ya ƙera shi. An bar yabon tsirara, aka liƙa masa linkin wani tarkace mai la'ada mai tsoka. Ashe cin la'adata bai ishe shi ba, sai da ya mayar da muryata karen farautarsa. Na kunna wa Shatu cikakken saƙon daga wayata, na nuna mata inda aka datse, na koya mata yadda za ta gane in an yi yanka: in ba ta ji na ambaci sunan kaya da bakina ba, kada ta saya. Sannan na rantse mata da Allah cewa ban taɓa yabon abin da na san ba shi da kyau ba. Ta yarda, har ta ba ni haƙuri. Amma ranar ta fita daga zauren, ta ce ita da sayayyar waya har abada.

Ba ita kaɗai ba ce. Mata fiye da ɗari sun fice cikin mako biyu. A kasuwar Roni na gaida wata da muke zaman mutunci, ta amsa tana kallon tumatir. Wata malama a ofis ta gaya mini wai yanzu Malama La'ada ake ce mini a Gwiwa. Adda, ni da ko allin makaranta ban taɓa kai wa gida ba. Na yi kuka a banɗakin malamai, ba zan ɓoye miki ba.

Na koma wajen Gwaggo. Sabiru ya ce kamfani ne ya yi kuskuren aiko kaya, shi me ya sani. Gwaggo ta ce mu je mu daidaita, mu ba yara ba ne. Sama'ilu kuma ya ce in rufe zauren in huta, albashina ya ishe ni. Kowa yana da maganin da zai ba ni, ba wanda ya ce a kira Sabiru a ce masa ɓarawo.

Sai na zauna na karanta ƙa'idojin kamfanin tun daga farko har ƙarshe, abin da na tabbata shi bai taɓa yi ba, don ko a firamare sai an bi shi da bulala yake buɗe littafi. Ga abin da na samu. Mai saye yana da kwana bakwai ya mayar da kaya a ba shi kuɗinsa. In an mayar, kamfani zai janye la'adar. In kuma kayan da aka saya ta hannun dillali ɗaya suka yi ta dawowa, za a rufe asusunsa, kuma da yake da lambar katin ɗan ƙasa ake rajista, ba shi da damar buɗe wani.

Allah da ikonsa, a makon nan wasu kuloli da na yi oda don gwaji suka iso. Saiti ne mai guda biyar, ruwan zinare, kyau kamar ka sa a gaba ka yi ta kallo. Na zuba tuwo da zafinsa a babbar. Kafin a yi sallar la'asar cikinta ya kumbura, fentin ya narke ya bi tuwon, ga wani wari kamar an ƙona taya. Da a da ne, a ranar zan naɗi murya in ce kowa ta guje su. Wannan karon na wanke su na mayar kwali na yi shiru. La'adarsu ta fi ta kowane kaya a shafin, kuma na san maƙogwaron ɗan Gwaggo.

Cika-ciki saura mako biyu da 'yan kwanaki. Bana zan biya kuɗin shara, cikakke. Kada ki damu da matan, na lissafa komai: kaya na sauka zan ce kowa ta gwada da ruwan zafi, su mayar cikin kwana bakwai, a ba su kuɗinsu. Ba wadda za ta yi asarar ko sisi. Mutum ɗaya ne zai ji a jikinsa.

Ki ƙona wannan takarda in kin karanta. Ki gaida Malam da yara. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Lailatu.

Roni,
4 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga Adda Rahamatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ya aikin gona, ya kuma jikin Malam da na ji ya yi zazzaɓi? Allah ya sa kaffara ne. Saƙonki na baki ya iso ta wajen Lauwali, wai in ji tsoron Allah in bar abin nan. Ya iso a makare, Adda, kuma ko da ya iso da wuri ba na jin zan saurara. Yau da daɗin rai nake rubuto miki, ki bar ni in ba ki labari yadda ya faru.

Ranar cika-ciki na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na yanka zakara, na ɗauka sai gidan Gwaggo. Na sa leshina mai kyau. Bayan an ci an sha, na ce a gaban kowa na zo biyan bashin shara na shekara ashirin, kuma ba da kuɗi zan biya ba, da abin da ya fi so zan biya. Na tura masa saƙon murya na minti uku ina yabon kulolin nan. Na ce nasa ne halak malak, ni ba zan sa linkina ba, ya sa nasa ya ci la'adar shi kaɗai. A cikin saƙon sau uku na ambaci sunan kulolin, farko da tsakiya da ƙarshe, yadda ba wanda zai ce an yi yanka. Da kin ga bakinsa. Har ya ce ashe 'yar Kawu ta san girman bawanta. Gwaggo ta sa mini albarka, ta ce haka ake son zumunci. Na amsa da amin, ko gezau ban yi ba.

Kafin kwana biyar ya cika ƙasar nan da muryata. A shagonsa ma lasifika ya sa mata. Matarsa ta yi ta yi wa mutane fariya cewa oda ta wuce saiti ɗari. Ni dai ina aji ina koyar da jimla, zuciyata tana tashar Kazaure.

Kaya suka sauka ranar Litinin. Na bari sai Laraba, da na tabbata an rarraba, sannan na saki saƙo na biyu a zaure. Na ce na sake gwada kulolin na ga matsala, kowa ta zuba tafasasshen ruwa ta gani da idonta, wadda ta ga abin da na gani ta same ni a tasha ranar Asabar da kwalinta. Eh, na san akwai ƙarya a cikin wannan sake gwadawar. Ranar Asabar na ɗauki hayar mota da kuɗina. Mata arba'in da shida suka yi layi a ƙofar shagonsa, kowacce da kwali a ka, wasu da tuwon da ya yi ruwan zinare a leda don shaida. 'Yan acaɓa suka kashe mashina suka tsaya kallo. Ni na zauna a benci da wayata ina cike musu takardar mayarwa ɗaya bayan ɗaya, a gabansa, ina yi masa sannu da aiki. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu.

Kwana biyar bayan nan kamfani ya janye la'adar, ya rufe asusunsa. Ya gwada buɗe wani da sunan matarsa, suka gano waya ɗaya ce suka rufe shi ma. Yanzu ba macen da take kai masa oda. Lasifikar ma ya cire ta.

Shi ya kai ni ƙara wajen Gwaggo wannan karon, yana huci, wai na kashe masa kasuwa da gangan. Na bari ya gama tsaf. Sannan na gyara mayafina na ce wasa ne na taubashi, wa ya taɓa kai abokin wasansa ƙara. Adda, shekarata talatin da takwas, ban taɓa furta maganar da ta yi mini daɗi a baki kamar wannan ba. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Sai ta ce in tashi in tafi gida kada hadari ya tare ni. Ko ruwa ba a ba ni ba, ban kuma damu ba.

Matan da suka fice sun fara dawowa zaure. Ana cewa Malama Lailatu ce ta ƙwato wa mata kuɗinsu. Abu ɗaya ne ban gane ba: an ce saiti ɗari da wani abu aka saya, arba'in da shida kawai na gani a tasha. Ina jin sauran da kansu suka mayar.

Ki daina yi mini kallon da na san kina yi wa takardar nan. Ki gaida Malam da jiki, ki gaida yara.

Taki har kullum,
Lailatu.

Roni,
15 ga Disamba, 2024.

Addata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara, da fatan an kammala kaka lafiya. Na ji an sa ranar 'yarmu bayan azumi, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ki yafe mini shirun wata huɗu. Da farko ba ni da labari ne, yanzu kuma labarin ne ya yi mini nauyi.

Sauran kulolin ba a mayar ba, Adda. Ba a ma buɗe su ba. Ke da kike da 'ya'ya mata da tun a watan Yuni kin gaya mini, da na tambaye ki maimakon in yi miki lacca. Ni mai 'ya'ya maza, wadda kaya na isowa nake farke leda, ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa ba wadda take sayen kula mai ruwan zinare don ta zuba tuwon gidanta. Kayan ɗakin 'ya suka saya. Aka tura ƙarƙashin gado da ledarsu, sai bayan kaka. Wasu sun ji saƙona na biyu suka ƙi farke kwalin, wai kada ranar jere a ce tsoho aka kawo. Wasu a ɓoye suka saya da kuɗin adashi, ba su da bakin cewa za su Kazaure mayarwa. Mafi yawa kuwa ba sa cikin zauren. Yabon ya same su daga waya zuwa waya, gargaɗin bai bi shi ba.

Yanzu ga bukukuwa sun zo. Kusan kowane mako sai an kira ni daga wani ƙauye. Na yi ta ba da haƙuri ina cewa ai na yi gargaɗi, har ranar Talatar da ta wuce.

Shatu mai awara ta aurar da babbar 'yarta, Halima Sa'adiyya, aka kai ta Yankwashi. Ashe ita ma ta saya. A wayar maƙwabciyarta ta ji saƙon, ta saurara sau biyu, ta ji na ambaci sunan kaya da bakina har sau uku, kamar yadda na koya mata. Sai ta karya alƙawarin da ta yi wa kanta, ta kwashe ribar awarar damina ta saya wa marainiyarta abu ɗaya da za a gani a ɗaki a yi sha'awa. Ranar girkin amarya na farko, yarinyar ta zuba tuwo ta kai wa uwar miji da 'yan'uwansa. Aka buɗe aka ga tuwo da wani irin launi, ga wari. Wata daga cikin dangin ta ce barbaɗe ne, uwar amarya ce ta ba ta don ta mallake gidan. Kafin magariba magana ta zagaye unguwa. Aka ce yarinya ta je gida tukuna, kwananta takwas da aure.

Da na ji, ban jira Sama'ilu ba, na hau mashin da nawa kulolin da na ajiye tun Yuni, sai gidan mijin a Yankwashi. Na tarar da Shatu a can tana rantse-rantse ba mai saurarenta. Na sa aka tafasa ruwa a tsakar gida, na zuba a tawa, na zuba a ta amarya, kowa ya ga fenti yana tashi. Uwar mijin mace ce mai hankali, nan take ta ce a je a dawo da yarinya, ta kuma ba Shatu haƙuri a gaban mutane. Na ce alhamdu lillahi, na fara haɗa kayana.

Sai Shatu ta ɗauki babbar kulata ta juya ta. Cikinta duk tsohuwar ƙuna ce, ta bushe ta yi baƙi, ba ta ranar ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni yaushe na fara sanin haka suke, kafin in yi yabon ko bayansa. Ta ce in rantse mata kamar yadda na rantse a bakin aji, ita za ta yarda. Mata sun fi ashirin a tsakar gidan, duk suka zuba mini ido. Na buɗe baki, Adda. Kin san ni ba a rasa magana a wajena. Rantsuwar ta ƙi fita. Shatu ta ajiye kular a hankali a gabana, ta ce Allah ya isa tsakaninta da ni, ba da Sabiru ba, don shi ba ta taɓa yarda da shi ba balle ya ci amanarta.

Shekaranjiya na naɗi saƙo na uku. Na faɗi komai, da ranar da na gwada, da dalilin da ya sa na yi shiru. Na ce duk wadda ke da kulolin ta kawo, zan biya daga albashina ko zai kai shekara biyu. Kafin azahar zauren ya koma mata saba'in.

Kada ki zaci na yafe wa Sabiru. Ban yafe ba, kuma in na tuna layin nan na tasha har yanzu sai in ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Jiya na gan shi a Kazaure yana cajin wayoyi, ya ɗago ya yi mini murmushi, ya ce ya ji an yi biki a Yankwashi. Shi kasuwa ya rasa, kuma ya fara wata. Ni abin da na rasa ban san shagon da ake sayar da shi ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Lauwali ya ce ya ji saƙon farko a wayar wata fasinja a Babura, wani da ban sani ba ya liƙa masa nasa linkin, har an fara tura shi tsallaken iyaka. Ba ni da yadda zan kamo shi. Ke kina shiga gidajen biki da suna a Kanya Babba, ana jin maganarki. Don Allah duk inda kika ji muryar nan tana yabon kuloli masu ruwan zinare, kada ki kare ni, kada ki ce an yanka, kada ki ce Sabiru ne. Ki ce musu muryar ƙanwarki ce, ta san ba su da kyau, kuma ƙarya ta yi.

Ki gaida Malam, ki roƙe shi ya sa ni a addu'a. Allah ya saka miki da alheri, ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Lailatu.